Takardar da Na Yi wa Ƙarya Ta Bi Ni Har Koriya

Tun ranar da na dawo Jidda ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a ƙofar shagon Alhaji Usman a unguwar Nuzla sai a kewaye ni. Wannan ya ce, "Isyaku, da gaske ne da tsinke suke cin shinkafa?" Wancan ya ce, "Ka ga inda ake ƙera wayoyin?" Alhaji Usman kuwa, Bahaushen Sudan ne, ba ya rabuwa da tsokana. Cewa yake, "Ya sheikh, mutumin da ke taɓa aljihu sau goma ya ji iƙamarsa, takardar izinin zama, kafin ya tsallaka titi, wai shi ne ya je Koriya ya dawo!" Na gaji da maimaitawa, kuma duk sanda na maimaita sai in shiga damuwa ko na ƙara abin da bai faru ba. Shi ya sa na sayi littafi na rubuta sau ɗaya. Karatuna bai wuce firamare ba, wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri.

Ga wanda bai san ni ba, ni direba ne. Kafilina, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar, kamfanin wani asibiti ne, kuma shekara huɗu ke nan ina tuƙa Likita Bala, mutumin Zariya, likitan ƙwaƙwalwa. Kafin nan ina tuƙa motar kaya a wani mustauda, wato babban ɗakin ajiya, na tayoyi a unguwar Khumra. Wata ranar Laraba da hantsi wuta ta kama shi. Ni na fita. Haruna, wanda muke ɗaki ɗaya da shi, bai fita ba. Tun daga ranar ba na iya bin titin nan. Warin ƙonanniyar roba kan firgita ni, kuma Rabi, matata, ta san irin mafarkin da nake yi. Bayan ita babu wanda ya sani. Tsorona ɗaya ne: in aka ji direba yana da irin wannan larura, za a karɓe makulli, iƙama ta bi shi, ni da Rabi da yara huɗu mu rasa madafa. Kowace Talata Likita yana duba leburori a wani ƙaramin asibiti da ke bayan Khumra, ni kuma kowace Talata sai in bi wata doguwar hanya in ce waccan da cunkoso.

To, akwai wata takarda da likitoci ke amfani da ita, shafi ɗaya, tambayoyi kaɗan. Da ita ake gano wanda firgici ya zauna masa a zuciya bayan ya ga masifa, don a tura shi a duba shi da kyau. Likita ya mayar da ita Hausa saboda mutanenmu na Jidda, yana gwada ta a kan waɗanda suka yarda. Wata rana a mota ya ce, "Malam Isyaku, in gwada a kanka?" Yaya za ka ce wa maigidanka a'a? Ya tambaya ko ina mugun mafarki, ko akwai wurin da nake gudu, ko ina zabura ba dalili. Kowace na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe, alhamdulillahi." Bayan kwana biyu wata likita abokiyar aikinsa ta zaunar da ni ta yi ta tambaya, ita ma na shirga mata lafiya lau. Ni da ba na iya tafiya da biron wani ko da mantuwa, na yi ƙarya sau biyu a mako guda.

Ana nan sai wata likita a Koriya, Dakta Han, ta gayyaci Likita ya je ya ga yadda suke gwada tasu takardar ta yaren Koriya, ya kuma nuna musu tasa ta Hausa. Lokacin an yi masa aiki a gwiwa, a keken asibiti yake. Hajiyarsa ta ce ba inda zai je shi kaɗai. "Isyaku zai raka ka. Shi ne mutumin da na sani ba zai manta da maganinka ba, ko da zai manta da kansa."

Neman biza da izinin fita da dawowa ya ci wata biyu. Ni kuwa na rame. Na tambayi malamai uku yadda ake salla a jirgi, don in tabbata bakinsu ɗaya. Rabi ta zuba mini dabino da garin kunu, Hajiya ta kawo ƙunshin kilishi da aka aiko mata daga gida, ta ce in ɓoye wa Likita kada ya cinye a rana ɗaya.

Mun yada zango a Doha, daga nan muka shiga jirgin da na zaci ba zai taɓa sauka ba. Na ci abinci sau biyu, na yi barci, na farka, har yanzu muna sama. Da muka kusa, aka raba wata takarda ta kwastan. Likita yana cikewa ya ce, "Babu nama a kayanmu ko?" Na ce, "Akwai kilishi." Ya juyo ya dube ni. "Kilishi? A ina?" Na faɗa masa. Sai ya rubuta.

A filin jirgin, wani jami'i mai farar safar hannu ya buɗe ƙunshin, ya shinshina, ya kira abokinsa shi ma ya shinshina. Ya rusuna mana da ladabi, ya jefa shi a wani kwando ya rufe. Ban taɓa ganin an ƙwace wa mutum abu da girmamawa haka ba. Likita ya bi kwandon da ido kamar an yi masa rasuwa. Ina tura shi waje ya ce, "Malam Isyaku, gaskiyarka ta cinye mana kilishi. Amma ba komai. Shi ya sa nake son tafiya da kai, ba ka iya ɓoye komai ba." Na yi dariyar yaƙe, na ci gaba da tura shi.

Daga filin jirgi zuwa birnin Seoul an bi da mu ta wata gada a kan teku mai tsawon gaske. Direban bai danna oda ko sau ɗaya ba. A unguwar Bagdadiyya ta Jidda wanda bai danna oda ba ai sai a zaci motarsa ce ta lalace.

An sauke mu a gidan baƙi na asibitin. Takalmi a bakin ƙofa ake cire shi, kamar gida, wannan ya yi mini daɗi. Lokacin sanyi ne ya fara shigowa. Ina taka daɓen ɗakina na ji shi da ɗumi. Na sa tafin hannu, zafi ne sosai. Ban san sanda na faɗa ɗakin Likita ba.

"Ranka ya daɗe, mu fita! Wuta ce a ƙarƙashinmu!"

Ya yi dariya har yana dafe gwiwa. Ashe haka suke ɗumama gida, ta ƙasa, da bututun ruwan zafi. Ya ce, "Je ka shimfiɗa bayanka, za ka gode mini." Ya ƙara dubana kaɗan bayan dariyar ta ƙare. Gaskiya daɓen akwai daɗi. Sai dai kwana uku ina ajiye takalmina kusa da kai.

Game da shinkafa, ku daina musu: da cokali suke cin ta. Tsinkayen ƙarfe ne, da su ake ɗaukar abin haɗi, kuma abin haɗin ya kai kwano takwas ƙanana. Akwai kabeji mai yaji da tsami da suke kira kimci, ba a cin abinci babu shi, kamar yadda ba a karyawa a Nuzla babu ful da tamis, wato dafaffen wake da burodi. Ranar farko na ce ya lalace. Rana ta huɗu ni ne mai neman ƙari. Nama kuwa ban taɓa ba, kifi da ƙwai na yi ta ci, kuma kowane kwano sai na sa Likita ya tambaya me ke ciki, har ya ce zai fara karɓar ladan tafinta.

Wanda ya cece shi shi ne Ammi Pak. Muna zaune a barandar asibiti rana ta biyu, wani tsoho mai hular saƙa ya tsaya a gabana ya dubi jallabiyata. Sai na ji ya ce, "Salamu alaikum, ya sadiƙ! Min fen? Jidda?" Wato daga ina nake. Na miƙe tsaye don mamaki. Ashe da ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana aikin gini a Jidda, Larabcinsa irin na 'yan kwangila, duk yalla da halas, wato mu je da shi ke nan. Kafin ya tambayi sunana sai da ya tambayi shekaruna. Haka al'adarsu take, sai an san babba kafin a san yadda za a yi magana. Da ya ji ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ce, "Halas, ni amminka ne," wato baffana. Ya koya mini miƙa abu da hannu biyu, da yadda ake rusunawa. Na ce masa ni ba na sunkuya wa kowa sosai sai Allah. Ya ce, "Mafi mushkila, ba matsala, gyaɗa kai ya isa."

Ammi Pak ba ma'aikaci ba ne. Yana cikin mutanen da suka yarda a gwada takardar Koriya a kansu. Shi ya fara bayyana mini aikin. Asalin takardar da Turanci take. Wasu suka mayar da ita yarensu, wani dabam da bai ga ta asali ba ya sake mayar da ita Turanci, aka haɗa aka ga ko ma'ana ta zube a hanya. Sannan aka ba mutane su cike, bayan mako biyu su sake cikewa, a ga ko amsar za ta tsaya. Na ce, "Wanda ya faɗi fa?" Ya ce, "Ba mu ake jarrabawa ba, ya Ishaƙ. Takardar ake jarrabawa."

Ranar Alhamis na yi abin kunyar da har yanzu in na tuna sai in rufe ido. Ammi Pak ya cike takardarsa, ma'aikaciya ta sa a ambulan ta ajiye a tebur, aka kira shi ɗakin Dakta Han. Ya shiga hannu rabbana. Ni kuwa na san asibitin Jidda: wanda ya shiga wurin likita babu takardarsa, sai a koro shi ya koma ƙarshen layi. Na ce wannan tsoho ba zai wahala ina gani ba. Na suri ambulan, na ƙwanƙwasa, na shiga, na zaro takardar na miƙa wa Dakta Han da hannu biyu kamar yadda aka koya mini.

Baiwar Allah ta saki wata ƙara ta rufe idonta da tafukanta biyu. Ma'aikaciyar ta shigo a guje ta fizge takardar. Ammi Pak yana ta dariya yana buga cinya. Ni na tsaya kamar an dasa ni, ina cewa a raina halas, na rusa aikin mutane, za a mayar da mu a jirgin yamma.

Dakta Han ta buɗe ido ɗaya, ta ga an fita da takardar, ita ma ta fashe da dariya. Ba ta ga komai ba. Daga baya Likita ya bayyana mini: likitar da ke zama da mutum ba a yarda ta ga abin da ya rubuta ba. Ita za ta yi nata binciken, takarda ta faɗi nata, sai a gwama. In sun dace, takarda tana gani. In likita ta leƙa, ba a san wa ya bi wani ba.

Don a nuna mini ba a yi fushi ba, aka tafi da mu cin abincin rana. Wurin kifi ne, an zaɓe shi saboda mu, nan ma a bakin ƙofa ake cire takalmi. Abin da ban sani ba, a tsakiyar kowane tebur akwai rami, a ciki ake zuba garwashi a gasa a gabanka. Aka kawo garwashin, hayaƙi ya tashi, a teburin baya kuma wani abu ya ƙone, ko roba ce ko leda. Ban tuna tashina ba. Na dai ga kaina a bakin titi babu takalmi, ina riƙe da wani ƙarfe.

Ammi Pak ne ya biyo ni da takalmina a hannu. Bai tambaye ni komai ba, ya tsaya kusa da ni muna kallon motoci. Can ya ce, "Ni ƙarar ƙarfe ce. A Jidda tsanin ƙarfe na gini ya rufto da mu daga hawa na biyar. Mu uku ne a kai." Ya ɗaga yatsa ɗaya ya nuna ƙirjinsa. "Shekara talatin duk wanda ya tambaye ni sai in ce mafi mushkila. Mutanenmu ma haka suke, namiji ba ya cewa yana tsoro. Matata ce ta gaji, ta kawo ni nan da kanta."

Na ce, "Ammi, in mutum ya yi wa takardar ƙarya fa?"

"Likita za ta gano, a ce takarda ta yi kuskure. Ba daɗi, amma da sauƙi."

"In ya yi wa likitar ma ƙarya?"

Ya dube ni sosai. "Wannan ita ce musiba. Takarda ta ce lafiya, likita ta ce lafiya, sai a ce takarda ta ci jarrabawa. A buga ta, a raba wa asibitoci. Gobe wani mai irin ciwon ya zo, ta wuce shi ba ta gan shi ba." Ya ajiye mini takalmin. "Yalla, sa. Kifi zai huce."

Ban ci kifin kirki ba. Ranar Asabar Likita zai tsaya gaban mutanen nan ya nuna sakamakon takardar Hausa, kuma tawa tana ciki, tana ba da shaidar zur. Na riƙa tuna leburorin da ke layi ranar Talata. Na riƙa tuna makullin mota da iƙama da Rabi. Duk wanda na ɗora a sikeli sai ɗayan ya yi nauyi.

Ranar Juma'a muka tafi masallaci. A kan tudu yake, hawan kuma ba na wasa ba ne. Ina bayan keke ina turawa, ina haki, ba abin da nake gani sai ƙeyar Likita da hularsa. Shekara huɗu shi ke kallon ƙeyata a mota. Ban san dalili ba, sai na ji magana ta fi sauƙi haka.

"Ranka ya daɗe, takardar nan da ka tambaye ni. Ƙarya na yi. Duka."

Bai juyo ba. "Ina jin ka."

Na faɗa masa mustauda, na faɗa masa Haruna, da mafarkin, da titin da babu wani cunkoso a cikinsa. Ina gamawa na tsaya cik a tsakiyar hawa.

"Malam Isyaku," ya ce, "ka riƙe keken nan da kyau. Kada ka gama tuba ka sake ni a gangara."

Na ƙanƙame hannun keken. Ya ce, "Shekara huɗu kana zagaye da ni kamar mai ɗawafi, kana tsammani ban san hanyar Khumra ba? Na san akwai wani abu, ban san mene ne ba. Shi ya sa na gwada ka da takardar. Da ka ce lafiya lau, sai na ce to, ko ni ne na cika zato."

"Aikin fa, ranka ya daɗe?"

"Wane aiki? Direban da ya san ciwonsa yana magani ya fi mini wanda ke ɓoyewa yana riƙe da sitiyari. Za ka ga likita, ba ni ba, wani dabam, kuma maganarku tsakaninku ce. In ya ce ka huta kwana biyu za ka huta, makulli yana jiran ka." Sannan ya ce, "Laifin ma rabi nawa ne. Na ɗauki takarda na tambayi mutumin da abincinsa ke hannuna, kuma na yi tambayar kamar gaisuwa. Wane Bahaushe ne za a ce masa yaya kake ya ce ba lafiya? Tura mu, za a tada salla."

Washegari ya nemi izinina, ya faɗa wa taron ba tare da ya ambaci suna ba. Ba na jin Turanci, ina dai zaune a gefe da jakar magani. Na ga Dakta Han tana rubutu da sauri tana gyaɗa kai. Likita ya ce mini ta ce su ma tsofaffinsu haka suke yi, kuma mutum ɗaya da ya dawo ya gyara amsarsa ya koya musu abin da tarin takardu bai koya ba. Aka tsayar cewa maigida ba zai ƙara tambayar yaronsa ba, kuma sai an gama gaisuwa tsaf, an sha ruwa, an ce wa mutum yanzu ba gaisuwa muke ba, sannan a fara tambaya.

Ranar tafiya Ammi Pak ya zo har gidan baƙi da robar kimci. Na ba shi sauran dabinon Rabi da hannu biyu. Ya shinshina ya lumshe ido ya ce, "Jidda!" Na tambaye shi sau uku ko babu nama a kimcin, don kada a tsare ni a filin jirgi. Ya ce, "Ya Ishaƙ, wannan ciwon naka na tambaya babu takardar da za ta warkar da shi."

Yanzu wata biyu da dawowarmu. Ina ganin likita duk mako. An sake ba ni takardar Hausa, wata mata ce ta karanta mini, na ba ta amsa ta gaskiya, takardar kuma ta kama ni tsaf. Alhaji Usman zai karanta wannan ya samu abin tsokana na shekara, na sani. Ya tsokana. Amma in akwai wanda ke zama a bencin nan da irin abin da nake da shi, ya san inda zai same ni.

Duk Talatocin baya na zo mararrabar Khumra na kasa, na bi doguwar hanya, Likita bai ɗago daga jaridarsa ba. Talatar da ta wuce na sa sigina na karya na shiga titin. Hannuna ya jiƙe da gumi, ina karanta duk addu'ar da na sani. An gina wani sabon abu a wurin, mai shuɗin fenti. Na yi wa Haruna addu'a, muka wuce.

Muka isa ƙaramin asibitin tun ba a buɗe ƙofa ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Maigadin, wani dattijo mutumin Maraɗi, ya fito yana duba agogo.

"Kai, Isyaku! Yau da wuri haka? Lafiya dai?"

Lafiya lau ta zo har bakina. Na haɗiye ta.

Na ce, "Da sauƙi, Baba. Buɗe mana."